An bar tanki ana dukan kafireto

Masu tambayar yadda za su dawo da WhatsApp ɗinsu da aka ƙwace su ƙara haƙuri zuwa mako mai zuwa, kuma kafin nan su daina karanta wa baƙuwar murya lambobi shida da aka turo musu. Shafin nan na waya da kwamfuta ne, amma wannan makon na babur ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane suka jingine mota suka kakkaɓe tsofaffin baburansu, saƙonnin da ke shigo mini sun fara warin fetur. Na tara su, ga waɗanda na tsamo.

Tambaya: Malam, ina da tsohon Boxer da na saya na hannu. Da safe yana tashi lafiya lau, amma in na yi tafiyar kamar minti goma sai ya fara shaƙewa yana fizga, can ya mutu. In na ɗan jira a gefen titi sai ya tashi kamar ba shi ba. An wanke kafireto sau uku, daga ƙarshe bakanike ya ce a sayi sabo, na saya, amma ba ta canja zani ba. Daga Funtuwa.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri, kuɗin dai sun tafi. Tsohon kafireton da aka cire, in ba a riga an ɗaura wa wani ba, je ka karɓo abinka, domin ina kyautata zaton lafiyarsa ƙalau.

Babu ɗabi'ar gareji da ke tayar mini da hankali kamar wannan. Babur ya yi tari, a wanke kafireto. Ya ƙi tashi, a wanke kafireto. Ko faci ka kai, in ba ka tsaya a kai ba sai ka waiwayo ka ga yaron shago ya kwance shi yana wanka da shi a cikin murfin fenti. Alhali kafireto, wanda aikinsa haɗa mai da iska ne kafin su shiga inji, ba ya haifar da datti da kansa, abin da tanki ya aiko masa shi yake karɓa. Ka wanke shi fes yau, ka mayar da shi ƙarƙashin tankin da ke zubo tsatsa da ruwa, jibi kana nan a inuwar bakanike kana danna waya. Shi kuma ba zai ce maka komai ba, aiki ne da ke dawowa da ƙafarsa.

Abin farko, ka saurari yadda babur ɗin yake mutuwa. Wanda mai ya yanke masa ba ya mutuwa farat ɗaya: yana shaƙewa, ka murɗa totur ya ƙi amsawa, ya ɗan farfaɗo, ya sake nutsewa. Wanda wuta ta ɗauke masa kuwa ɗif yake yi, kamar ka kashe makulli. Naka ka ce yana fizga kafin ya mutu, saboda haka hanyar mai za mu bi, kuma daga sama za mu fara, ba daga ƙasa ba.

Sama shi ne murfin tanki. Akwai wata 'yar ƙaramar ƙofa a jikinsa da iska ke shiga ta cike gurbin man da ya sauka. Ka tuna gwangwanin madarar ruwa: in ka huda shi waje ɗaya sai ya riƙa ɗiga yana tsayawa, sai ka ƙara huda ta biyu yake zuba. In ƙura da tsatsa suka toshe ƙofar nan, man zai sauka na ɗan lokaci, sannan tankin ya riƙe shi. Kai kuma ka tsaya gefen titi kana salati, iska ta lallaɓa ta shiga, mai ya sake sauka, babur ya tashi, ka ɗauka addu'ar ce kaɗai ta yi aiki. Gwajin ba ya cin ko kwabo. Da zarar ya mutu, buɗe murfin ka sa kunne. In ka ji ya ja iska, fuu, sannan babur ya tashi bayan ɗan kik, ka kama ɓarawonka. Ka wanke murfin da fetur ka busa, ko ka sayi wani. Na san waɗanda suka canja kwayil da fulogi da kafireto a kan murfin da kuɗinsa bai kai na katin data ba.

In murfi lafiya yake, sauko kan makunnin mai. Rufe shi, zare tiyon daga jikin kafireto, sa bakinsa a cikin kwalba garau wadda ake ganin cikinta, sannan ka buɗe. Zuba ake so ka gani, siririya amma ba ta yankewa, kuma ka bar ta ta daɗe, kada ka ga ɗigo uku ka ce ai yana zuwa. Yawancin masu wannan ciwo suna zuba da kyau da farko sannan su koma ɗiga. Ka gwada makunnin a wurin da aka saba, ka gwada a rizab, wato wajen da ake murɗa shi in mai ya kusa ƙarewa. In ɗaya na zuba ɗaya na ɗiga, ragar da ke cikin makunnin ce ta toshe. Masu roba-roba su lura, wasu makunninsu na da tiyo na biyu da ke zuwa daga inji, ba sa sakin mai sai injin na juyawa, kada ku je ku jefar da lafiyayyen abu.

Yanzu ajiye kwalbar a ƙasa ka bar ta ta natsu, ka duba gindinta. Ruwa ya fi fetur nauyi kuma ba sa gauraya, saboda haka za ka gan shi kwance a ƙasa kamar ƙwallayen gilashi, wani lokaci da jan gari a tare da shi. Jan garin nan tankinka ne yake narkewa a hankali.

Ina ruwan ya fito? Wuri uku. Na farko, wankin babur da ruwan sama, ta robar murfi da ta mutu. Na biyu, 'yan bumburutu. Ba ina nufin duk mai jarka a bakin titi mugu ba ne, kuma na san akwai ƙauyukan da in ba su ba sai dai a tura babur. Amma jarkar da ta kwana a buɗe, da mazurarin da ke kwance a cikin turɓaya tun safe, da tsumman tacewa da ya fi man datti, duk a tankinka suke ƙarewa. Gidan mai ma ba waliyyi ba ne. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima daga Beljiyam, NNPC da kanta ta tabbatar, aka sha layi a ƙasar nan ana janye shi. Metanol yana jawo ruwa kuma yana cin roba. Na uku kuwa, kai ne da kanka. Tankin da kullum ake zuba masa na ɗari biyar, ƙarfensa a bushe yake daga ciki, raɓa na kwanciya a kai da daddare, tsatsa na samun gona. Kuma mai irin wannan zubi a rizab yake rayuwa, rizab kuwa daga can gindin tanki yake jan mai, inda ruwa da laka suka yi sansani. Na san halin da aljihu ke ciki. Amma kuɗin da za ka zuba sau biyar ƙanana, in da hali ka haɗa su ka zuba sau ɗaya, man da za ka ƙona bai ƙaru ba, tankin ne kawai ya huta.

Gyaran: a sauke tankin, a juye man, a cire makunnin a wanke ragarsa. A zuba ƙananan notuna da ɗan kananzir a ciki a girgiza sosai, a juye, a maimaita har abin da ke fitowa ya yi haske, a ƙirga notunan a tabbata duk sun fito, a shanya ya bushe. Duk wannan a fili, nesa da mai shayi da mai taba. Kada a zuƙi tiyo da baki, kuma in tankin ya huje kada wani gwani ya ce zai yi masa walda yana warin mai, tankin da babu komai ciki sai tururi shi ne ke fashewa. Daga nan a sa 'yar matatar nan ta roba mai haske a tsakanin makunni da kafireto, kibiyar da ke jikinta tana kallon kafireto. Wannan matata ita ce abin da nake yi wa kowa wa'azi a kai. Tana tare datti, kuma tana nuna maka da ido ko mai na sauka, ba sai ka kwance komai ba.

Sai bayan duk wannan ake taɓa kafireto, in ma akwai buƙata. Kuma ko nan ba sai an farke shi ba tukuna: akwai sukuru a ƙasan kwanonsa, a sassauta shi man ciki ya tsiyaye da ruwan da ya kwanta, a ɗaure. In dole sai an buɗe, tsaya a kai. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin a zare kowane abu, ai ba don TikTok kaɗai aka yi kyamara ba. Kafin a cire sukurun iska, a murɗa shi ciki a hankali ana ƙirga juyi nawa ya yi kafin ya zauna, a rubuta, don a mayar da shi inda yake. Sannan abin da ya fi komai: kada ka yarda a zura allura ko zaren wayar birki a cikin jet, wato ƙananan bututun da mai ke bi a cikin kafireto, babba da ƙarami. Jet tagulla ne mai laushi, ramin ƙaramin bai kai rabin milimita ba, an auna shi ne a masana'anta. Ƙarfe ya shiga sau biyu, ramin ya faɗaɗa, kuma ba ya komawa. Daga ranar babur ɗinka ya zama mashayin mai, fulogi kullum baƙi ƙirin, kana zagin gwamnati a kan laifin allura. Fetur mai tsabta da iskar famfon mai faci sun isa.

In ka bi duk hanyar nan ka tarar mai na sauka garau amma yana mutuwa in ya yi zafi, to koma wuta. Nan take, kafin ya huce, cire fulogi ka jingina shi da jikin inji ka buga kik. Babu tartsatsi da zafi, akwai in ya huce, kwayil ne ko akwatin CDI, masu aiko wa fulogi wuta. Amma abu ɗaya ake canjawa a gwada, kafin a je na gaba. Haka muke yi da kwamfuta, haka ake yi da babur. Wanda ya canja abu huɗu rana ɗaya, ko ya warke bai san me ya warkar da shi ba, kuma ya biya kuɗin uku a banza.

Tambaya: Da sanyin hunturu babur ɗina ba ya tashi da safe sai na yi ta kik har gumi, da rana kuwa bugu ɗaya. Daga Jos.

Amsa: Akwai wani ɗan hannu a jikin kafireto ko kusa da kuloci da ake kira cok. Ba ado ba ne. Ja shi, buga kik ba tare da murɗa totur ba, in ya ɗumama ka mayar. Kana Jos kana wannan tambaya, lamarin da ban mamaki.

Tambaya: Yaya, babur ɗina yana gudu lafiya, amma da na saki totur a danja ko a go-sulo sai ya mutu. An ɗaga mini silo, yanzu kuma in ya yi zafi sai ya yi ta ihu shi kaɗai. Daga Kano.

Amsa: Ƙanina, ɗaga silo rufe ciwo ne da riga. Silon da ke hawa shi kaɗai yana jinkirin sauka alama ce ta iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Duba robar da ta haɗa kafireto da inji, lanƙwasa ta da yatsa, za ka ga tsaga in ta tsufa. A canja ta da gasket ɗinta. In ba ita ba ce, ƙaramin jet ne ya toshe, shi ke ciyar da inji in an saki totur. In an duba biyun bai daina ba, a saita bawul da injin a sanyaye, da ma'aunin gwaji, ba da kunne ba. Bawul da ya matse yana kawo daidai wannan, ga wahalar tashi. Sannan a mayar da silo inda yake, wajen juyi 1,400 a minti ga yawancin irin waɗannan.

Tambaya: Malam, duk safiya sai na tarar da mai ya zuba a ƙasa ta wani siririn tiyo a ƙarƙashin babur. Maigidana ya ce a ɗaure bakin tiyon da leda. Daga Zariya.

Amsa: Hajiya, ki gaishe da maigida, ki ce na ce a kwance ledar yau. Tiyon nan hanyar tsira ce, in aka toshe shi man cikin inji zai nufa. Allurar fulot, mai tsayar da mai in kwanon kafireto ya cika, ita ce ba ta rufewa, ko datti ya tokare ta ko bakinta ya cinye. A ɗan ƙwanƙwasa kwanon kafireto da gindin sukudireba, in bai daina ba a canja allurar. A shinshina baƙin mai, in yana warin fetur ko ya ƙaru a kan ma'auni a juye shi kafin a sake hawa. Kuma a riƙa rufe makunnin mai duk dare, musamman in a zaure ko kusa da madafa yake kwana.

Tambaya: Wani abokina ya cire sosan iyakilina ya ce babur ya fi ƙarfi da sauti. Ni ma in cire? Daga Katsina.

Amsa: Sauti kam ya ƙaru. Ƙarfin a kunnensa yake. An saita kafireto ne da sosan nan mai tace iska a wurinsa, in aka cire iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, injin ya riƙa zafi yana shaƙewa in an murɗa. Wannan ma ƙaramin abu ne a kan ƙura. A Katsina, a watan Janairu, kana shafa sirdi da safe ka ga abin da ke hannunka, shi za ka buɗe wa ƙofa ya shiga tsakanin fistin da silinda yana gugar su. Kafin damina abokin naka zai zo neman kuɗin ringi, hayaƙi na bin sa a baya. Injiniyoyin Honda da suka ƙera CG125 a tsakiyar shekarun 1970 sai da suka zagaya ƙasashen Asiya suka ga yadda mutane ke wulaƙanta babur, shi ya sa suka sa masa soso mai wankuwa, don kada a ce tsadar canji ce ta hana kulawa. A wanke da kananzir, a matse ba tare da murɗewa ba, a shanya, a shafa baƙin mai kaɗan, a sake matsewa, a mayar. In ya fara marmashewa a hannu a sayi sabo, domin marmashin ma kafireto yake tafiya.

Tambaya: Akwai manhajar da zan sauke a waya ta gano mini abin da ke damun Jincheng ɗina? Daga Gusau.

Amsa: Babu. Na'urorin da kake gani ana haɗawa da waya na motoci ne da sababbin babura masu kwamfuta a ciki, Jincheng ɗinka kuwa ba shi da abin da zai gaya wa waya. Manhajar da ta yi maka alƙawarin haka talla za ta cika ka da shi, ta nemi izinin shiga lambobinka. Cire fulogi ka karanta shi: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, baƙi mai toka mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan, jiƙe da maiƙo a irin naka mai shan tuti (man inji da ke ƙonewa tare da fetur) an cika masa hannu.

Tambaya: Na sa wa babur cajar waya da na'urar bin sawu saboda ɓarayi. Tun daga nan batir ke mutuwa, wani lokaci babur ɗin ma ya mutu in na kunna fitila. Daga Maraɗi.

Amsa: To, ga tambayar gidanmu. Kusan tabbas wanda ya haɗa maka cajar ya ɗaura ta kai tsaye a kan batir, ita kuwa tana ɗan shan wuta ko babu waya a jikinta. A mayar da ita bayan makulli, da fis nata. Na'urar bin sawu dole ta zauna a kan batir, amma tana da layin waya a ciki da ke magana dare da rana, batirin babur kuma ɗan ƙarami ne. Shiga manhajarta ka rage yawan aiko da rahoto in babur na tsaye, yawancinsu suna da yanayin barci. Sai ka auna da mita: batir mai lafiya a kashe yana wajen 12.6, in injin na aiki ka ɗan murɗa ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, ba ya caji, a duba raktifaya, mai daidaita wutar da ke cajin batir. Mutuwar da yake yi in ka kunna fitila tana nuna CDI ɗinka daga batir yake cin wuta. Wasu tsofaffin daga magneto, mai samar da wuta in inji na juyawa, suke ci, su ko babu batir suna tafiya, shi ya sa maƙwabcinka zai rantse maka batir ba ya kashe babur. Nasa ne ba ya kashewa.

Tambaya: Na yi tafiya wata takwas, na dawo babur ya ƙi tashi, alhali da mai na bar shi. Daga Kumasi.

Amsa: Man ne matsalar. Ya tsufa, mai sauƙin kamawa ya tashi, sauran ya zama danƙo a cikin jet. Juye tanki, zuba sabo. Kai ne mutum ɗaya a shafin yau da na yarda a wanke wa kafireto. Nan gaba ka rufe makunni ka bar injin ya shanye na cikin kwano har ya mutu da kansa kafin ka rufe ɗaki.

Tambaya: Na ga ana tallar wani maganaɗisu a Facebook da ake maƙalawa a tiyon mai, wai yana rage shan mai da rabi. Wani kuma ya ce in jefa kafur a tanki. Daga Bauci.

Amsa: Ɗauki maganaɗisu ka kai kusa da fetur a kwalba ka ga ko zai motsa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urorin rage shan mai sama da 100, ba ta samu wadda ta yi wani abin a zo a gani ba. Kafur kuma ka bar shi a akwatin kaya, a tanki jet zai toshe maka. Ka duba iskar taya duk mako, ka daidaita sarƙa ka sa mata mai, ka tabbata birki ba ya riƙewa, ka daina murɗa totur a tsaye don 'yan majalisa su waiwayo.